Guguwar da Ta Zo Neman Mai Kitso

Wata ranar Laraba da hantsi, guguwa ta shigo garin Kwarin Ɗinya ta ƙofar gabas. Ta bi ta layin mahauta ba ta ɗauki ko tsinke ba, ta zo ƙofar gidan Kuluwa mai kitso ta tsaya cak, ta yi sallama kamar yadda baƙo mai ladabi yake yi.

Kuluwa tana zaune a tsakar gida, kibiyar kitso a hannunta, amma babu kan da za ta tsaga. Ta amsa sallamar tun ba ta ga mai yin ta ba. Da ta leƙo ta ga ƙura a tsaye tana juyawa, tsawonta ya wuce katanga, sai ta ja da baya.

Guguwar ta ce, "Aminci ya tabbata gare ki, 'yar Adam. Ni manzo ce daga Birnin Garwashi. Magajiyarmu ta aiko ni neman mai kitso wadda hannunta yake da sanyi."

Kafin mu ji amsar Kuluwa, yana da kyau mu san abin da ya sa tabarmarta babu kowa.

A ƙarshen layinsu akwai wata mai kitso, sunanta Tasalla. Tare suka tashi da Kuluwa, kuma mahaifiyar Tasalla ce ta koya musu sana'ar su biyu. Tasalla ba ta karɓar komai a kan kitso, ko goro. Da ɗan kaɗin auduga take ci. Idan aka aiko mata da tuwo, kafin ya huce ya isa gidan da ta san ba a ɗora tukunya ba. Ba don a yaba mata take yi ba. Kanta ne kawai ba ya faɗo mata a rai. Idan ka tambaye ta ko ta ci abinci, sai ta yi ɗan tunani ta ce, "'Ya'yan maƙwabta dai sun ci."

Da farko garin ya so ta ƙwarai. Daga baya aka saba. Mata suka riƙa zuwa da kawunansu, su haɗa da gyaɗar da za ta ɓare musu, da jaririn da za ta goya kafin su dawo daga biki. Waɗansu kuma alherin nata ya yi musu nauyi, suka fara kauce mata a hanya, domin ba su san da me za su gaishe ta ba. Sai magana ta ɓullo cewa ba banza take yi ba, gashin mutane take tarawa. Daga bakin Kuluwa wannan magana ta fito, kuma ba wuya a gane dalili: tun da Tasalla ta buɗe ƙofarta, tukunyar Kuluwa ba kullum take hawa murhu ba.

To, Kuluwa ta dubi guguwar nan, tsoro da haushi suka haɗu a bakinta. Ta ce, "Ni hannuna zafi gare shi. Ki je gidan ƙarshen layi. Waccan ba ta taɓa ce wa kowa a'a ba."

Guguwar ta gode mata, ta wuce.

Tasalla tana yi wa wata amarya shuku. Ta saurari saƙon, ta tambaya, "Ciwo suke ji?"

"Ciwon da ba ya barin su zama ko kwanciya."

"To, ki ɗan jira in ƙarasa wa yarinyar nan, gobe za a kai ta."

Guguwar ta jira a zaure. Da Tasalla ta gama, ta ɗauki kibiyarta da matajinta ta shiga cikin ƙurar. Rabin unguwa na tsaye suna kallo, ba wanda ya riƙe mata zane.

Bayan tafiyarta garin ya rabu. Wasu suka ce dama sun san ba mutum ba ce, ta koma wurin danginta. Wasu suka riƙa ɗibar ƙasar ƙofar gidanta suna jiƙa wa yara don albarka, har rami ya fito a wurin. Kuluwa kuwa tabarmarta ta cika. Ta sayi sabon kwano, ta sa nama a miya, amma ba ta yarda ta dubi ƙarshen layi.

Ana cikin bazara guguwar ta dawo, ta sake yin sallama.

"Magajiya tana gaishe ki, 'yar Adam. Wadda kika nuna mana ta yi daidai. Sai dai tana ƙarewa, ba za ta ga ruwan farko ba. Idan ta ƙare zan dawo ki nuna mana wata."

Kuluwa ta ce, "Tana ƙarewa kamar yaya?"

"Kamar yadda sabulu yake ƙarewa a hannun mai wanki."

Guguwar ta juya ta tafi. Kuluwa ta yafa gyale ta nufi wurin mai unguwa Shekarau, ta same shi da dattawa a gindin darbejiya, ta durƙusa ta faɗa musu komai, har da wanda ya nuna gidan.

Mai unguwa ya shafa gemu. "Allah sarki, baiwar Allah. Amma ai da ƙafarta ta tafi."

Wani ya ce, "Irin su ba sa jin wahala kamar mu."

Wani kuma ya ce, "In kin same ta, ki ce mata akuyar da ta yi mini kiwo ta haihu."

Kuluwa ta koma gida, ta ƙulla kayan kitsonta da ɗan man shanu a gefen zane. Inda guguwa ta bi ƙasa takan zama a share tas kamar an sa tsintsiya. Wannan sharar ta bi ta fita daga gari.

Ta yi ta tafiya har gonaki suka ƙare, ta iso wata sarƙaƙiya da ba ta da gefe. Sharar ta shige ciki, ita ma ta sunkuya ta shiga. Ƙaya ta farko da ta kama ta sai ta yi magana da muryar Kuluwa: "Gashin mutane take tarawa." Ta biyu ta ce, "Wa ya sani ko mayya ce." Duk abin da ta taɓa faɗa a bakin rijiya da gidan suna, ƙayoyin nan sun riƙe shi, har da irin dariyar da ta biyo baya. Idan ta toshe kunne, sai ƙayar ta ƙara shiga nama. Da ta gane haka ta sauke hannuwanta, ta riƙa cewa, "Ni na faɗa," kowace ƙaya ta ji haka sai ta sake ta. Ta fito jikinta duk karce.

Gaba kaɗan ta tarar da wata kasuwa ta aljanu, rumfuna cike da abinci da tufafi, kowa yana kira, "Zo ki karɓa, kyauta ne." Yunwa ta riga ta ci ƙarfinta. Sai ta lura da waɗansu mutane a tsakanin rumfunan, sun nutse cikin ƙasa, wani zuwa gwiwa, wani zuwa wuya, kowanne da kyautarsa a hannu ko a ka, suna ta godiya.

Wata tsohuwar aljana mai kunnuwa har kafaɗa ta miƙo mata ƙwaryar fura. "Sha, jikata. Ba na son komai."

Kuluwa ta ce, "Kaka, ni ban iya cin na banza ba, kuma ban iya ba da na banza ba. Duk garinmu an san ni da wannan. Kawo kanki in tsefe miki gefe guda, sannan in sha."

"Ba a yin haka a nan."

"To, riƙe furarki."

Tsohuwar ta harare ta, can kuma ta fashe da dariya, ta zauna ta ba da kai. Kuluwa ta tsefe mata, ta sha furar har ta suɗe ƙwarya, ƙafarta ba ta nutse ba.

Tsohuwar ta ce, "Wadda ta wuce kafin ke, sai da ta tsaya ta ba waɗannan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ke ko kallonsu ba ki yi sosai ba."

"Ita ce nake nema."

"Ki yi sauri. Na ga hadari ya fara leƙowa ta gabas."

Daga nan ƙasa ta zama toka mai ɗumi, sama ta yi ja. Kuluwa ta yaga gyalenta ta naɗe ƙafafu, ta ci gaba har ta iso wata ganuwa baƙa. A bakin ƙofa wani aljani yana zaune, zaman nasa ma ya fi rimi tsawo.

Ya ce, "Tsaya, 'yar Adam. Wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai ga wanda ya amsa tambaya da gaskiya. Wa kike nema?"

"Tasalla mai kitso, ranka ya daɗe."

"Mece ce ita a wurinki?"

"Tare muka tashi. Tabarma ɗaya muka koyi sana'a."

"To, wane abinci ta fi so?"

Kuluwa ta san wanda Tasalla take kai wa kunu, ta san wanda take dafa wa wake, amma ta nemi abin da ita Tasallar take so ta rasa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban sani ba."

Mai gadin ya ce, "Kin faɗi gaskiya. Na tambaye ta ranar da ta zo, ita ma ba ta sani ba. Shiga."

Mutanen Birnin Garwashi gashin kansu wuta ne. Idan ya cukurkuɗe sai ya riƙa cin fatar kan, kuma ba ya lafawa sai an kitse shi. Kuluwa ta ga layinsu ya taso daga fada ya zagaye birni, manya da yara, kowa ya riƙe kai yana nishi a hankali. Ta zo da niyyar ƙin su, amma da ta ga wata uwa tana hura wa ɗanta kai da baki, sai ta kasa.

A tsakar fada Tasalla tana zaune a kan turmi, wata aljana a gabanta. Duk inda yatsunta suka bi, wutar sai ta kwanta ta zama baƙin gashi mai sheƙi. Amma Kuluwa tana iya hango ginshiƙin da ke bayanta ta cikin ƙirjinta, kamar ana duba ta cikin hayaƙi.

Tasalla ta ɗago, ta yi murmushi. "Kuluwa, ke ce? Dubi ƙafafunki. Bari in gama wannan in samo miki ruwa."

Magajiyar birnin tana kan karaga, kanta a kitse tsaf. Kuluwa ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, na zo ne in tafi da 'yar uwata."

Magajiya ta ce, "Tashi, 'yar Adam. Dubi ƙafarta, akwai mari? Ba mu ɗaure ta ba. Hannunta yana kashe wutarmu ne domin babu son kai a cikinsa ko kaɗan, kuma kowane kai da ta kitse yana tafiya da wani abu na jikinta. Mun faɗa mata wannan, ba mu ɓoye ba. Ranar da ta nemi wani abu domin kanta, komai ƙanƙantarsa, sanyin zai bar hannun, ba ta da sauran amfani gare mu. Mun ajiye mata zinariya, ta raba wa bayi. Mun shimfiɗa mata gado, ta kwantar da marasa lafiya. Ki gwada naki. Ba zan hana ki ba, ba kuma zan taimake ki ba, domin waɗannan da kike gani jama'ata ce."

Kuluwa ta matsa kusa da Tasalla. "Ƙawata, tashi mu tafi gida. Gari na nemanki."

"Suna da ke, Kuluwa. Waɗannan ba su da kowa."

"Mutuwa za ki yi."

"Haka aka ce. Miƙo mini matajin can."

"Ni na turo guguwar nan gidanki. Ni na ce kina tara gashin mutane. Ki zage ni mana, ko sau ɗaya."

Tasalla ta dube ta da tausayi. "Ai yunwa ce ta sa ki. Na so in rage karɓar mata saboda ke, sai in ga an zo, in kasa."

Daga nesa aka ji rugugin hadari. Haushi ya kama Kuluwa, ta kama kafaɗar Tasalla ta girgiza, ta ji kamar ta kama buhun auduga. Girgizar ta sa ɗankwalin Tasalla ya zame ya faɗi.

Kuluwa ta tsaya tana kallo. Gashin ya dunƙule wuri ɗaya kamar sheƙar tsuntsu, furfura da ƙura da zaren auduga duk sun saje a ciki.

Ta ce a hankali, "Wa ya yi miki kitso na ƙarshe?"

Tasalla ta yi ɗan tunani. "Inna, kafin ta kwanta ciwo."

Innar nan ta rasu tun suna 'yan mata. Mai kitso ba ta iya yi wa kanta, kowa ya san haka, kuma duk matan Kwarin Ɗinya da suka ɗora kai a gwiwar Tasalla babu wadda ta taɓa cewa, juyo in yi miki. Kuluwa ta share ido da gefen zane.

Ta ce, "Tasalla, taimako nake nema. In na koma gida na bar kanki haka, ba zan ƙara iya riƙe kibiya ba. Ki bar ni in kitse shi."

"Layin yana da tsawo."

"Ci gaba da aikinki. Ni ta baya zan zauna."

"In zai sa ki ji sauƙi, to."

Magajiya ta ce daga kan karaga, "Wannan ma kyauta ce ta yi miki, 'yar Adam. Ba a kirga ta."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ni dai kitso zan yi."

Ta jawo wani turmi mafi tsawo ta zauna a bayan Tasalla, ta kwance ƙullinta, ta shafa man shanu. Ta fara warware gashin daga baki, sili-sili, ba ta ja ba, ba ta yi gaggawa ba, ko da yake tana jin iska mai ƙanshin ruwa ta fara shigowa fada. Wani wurin sai da ta sa haƙori. Da ta kai tushe, ta tsaga da kibiya, fatar kan da ta daɗe a rufe ta sha iska.

Yatsun Tasalla suka rage sauri. Kafaɗunta suka sauka. Can kanta ya jingina da gwiwar Kuluwa, idonta a lumshe.

Sai ta ce, cikin murya kamar ta mai barci, "Kuluwa, ɗan sosa mini nan, bayan kunne."

Kuluwa ta sa farce ta sosa.

"Ba nan ba. Ƙasa kaɗan. Yauwa."

Nan take Tasalla ta janye hannunta daga kan aljanar da ke gabanta, ta sa yatsa a baki. Wutar ta ƙone ta. Kuluwa ta ji nauyin kai na gaske a kan gwiwarta, ta duba, ba ta ƙara ganin ginshiƙin ba.

Kuka ya tashi daga layi, ya bi shi har bayan birni. Tasalla ta gane abin da ya faru. Ta sake kai hannu, ta ƙone, ta sake kaiwa, sai da Kuluwa ta riƙe ta. Ta fashe da kuka tana cewa, "Ku yafe mini, ban sani ba, ƙaiƙayi ne kawai."

Magajiya ta sauko daga karaga. Ta daɗe tana duban jama'arta, sannan ta ce, "Magana ɗaya muke yi a birnin nan. Ku tafi. Ke mai sanyin hannu, babu laifinki. Mun san muna cinye ki, kuma da an bar mu da mun ƙarasa."

Kuluwa ta ajiye kibiyarta da matajinta a gaban Magajiya. "Ranki ya daɗe, kun ga yadda muka zauna, wata a bayan wata. Wuta ba ta ƙona wuta. Ku gwada yi wa juna."

"Aljani ba ya ba ɗan uwansa ƙeya."

"Mu ma da ƙyar muke yi."

Magajiya ba ta ce a ɗauke kayan ba. Ko sun gwada, ko ba su gwada ba, babu wanda ya dawo da labari. Mai gadin ƙofa ya ɗora su biyu a tafin hannunsa ya sauke su a bayan sarƙaƙiya, ruwan farko ya same su a hanya. Tasalla ta yi ta waiwaye tana hawaye har suka shiga gonaki.

Labari ya riga su isa gari. Aka yi ta zuwa barka, mai unguwa ya ce dama kullum suna cikin addu'a. Washegari da safe Kuluwa ta zaunar da Tasalla a tsakar gidanta don ta ƙarasa mata kitson, domin gefe ɗaya kawai aka yi a birnin aljanu. Ba su yi nisa ba wata maƙwabciya mai suna Delu ta shigo, kai a tsefe, da ƙwaryar gero a hannu.

"Sannu da dawowa, Tasalla. Wallahi mun yi kewarki. Dama suna za ni da azahar, na ce ko za ki ɗan kama mini, in ya so ki surfa mini wannan kafin in dawo."

Tasalla ta yunƙura za ta tashi. Kuluwa ba ta danne ta ba, ta dai tsayar da hannunta a cikin gashin tana jira. Tasalla ta dubi Delu, ta dubi yatsunta da suka yi ƙuna. Ta koma ta zauna.

"Ki dawo gobe, Delu. Yau ana yi mini."

Delu ta riƙe baki. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, suna jin ta a zaure tana gaya wa wata, "Ai Tasalla ta canza. Aljanun nan sun ɓata ta."

Tasalla ta ce, "Kuluwa, anya ban yi laifi ba? Sunan fa da azahar ne."

"Ta ɗaura ɗankwali, ba a korar kowa a gidan suna. Juyo da kanki ta nan, kina ɓata mini tsaga."

Tasalla ta juyo da kai, ta ɗora shi a gwiwar ƙawarta. A nan za mu bar su, kitson bai ƙare ba tukuna.